Abin da Aka Yi wa Baffa Kabo a Sabon Zauren Taro

Kankiya,
22 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga Yayana Ɗahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawar da ka ce tana tafe, ya tsare ka daga sanyin Ingila, ya maido mana da kai gida da iliminka da mutuncinka. Mu nan sai godiyar Allah. Inno ta samu sauƙin ƙafarta, har ta je Ƙofa sunan ɗiyar da Adda Maimuna ta haifa, an sa mata Hawwa. Na biya Kusada ranar Juma'a na ga Rahamatu da yaranka, duk suna lafiya, babbar ta fara karanta wasiƙunka da kanta. Zafi kam ana shan sa, bazara ta kai, an fara sharar gona, kowa idonsa na gabas.

Takardarka ta watan Fabrairu ta iso ni. Ka ce ka ga hoton sabon zauren taron nan na Kaduna a mujallar masu zanen gine-gine, har malaminku ya yi muku darasi a kansa, ka kuma roƙe ni in na samu shiga in buɗe ido sosai in ba ka labari. To, Yaya, na shiga. Kwana uku na yi ina shiga ina fita, kuma ba ni kaɗai ba, tare da Baffa Kabo. Na yi sati biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don kada in rubuto maka abin da zai hana ka karatu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ka ji daga bakina.

Ka san gajeren geron nan na Baffa. Tun muna yara, bayan rasuwar Baba da ya ɗauke mu Fakuwa, muke ganin sa yana zagaya gona kafin kowa ya yanka, yana ɗaure zangarniyar da ta riga nuna da ɗan tsumma, ya ware ta a rumbu dabam. Shekara talatin da wani abu yana wannan. Kana Zariya lokacin farin saba'in da uku, ba ka ga abin da na gani ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba, gonaki suka ƙone a tsaye, amma na Baffa ya riga ya nuna. Da damina ta zagayo mutane suka rasa iri, shi ya buɗe rumbu ya rarraba, daga Fakuwa har Ƙofa da Boko, bai tambayi kowa ko sisi ba. Tun daga nan sunan geron ya zama ɗan Kabo a duk ƙasar nan. Ni kuma da rawar kai irin ta matashin malamin gona, na ɗebi rabin buhu a saba'in da biyar na kai babban ofishinmu, na damƙa shi a hannun Alhaji Mamuda, wanda ke shugabantar sashen iri. Na haɗa da rahoto shafi shida da hotunan da na ɗauka. Ya yaba mini, ya ce za a gwada. Da takardar gayyata ta zo a watan Maris, cewa za a yi babban taron noma kuma ana son in zo da manomin nan, wallahi har rawa na kusa yi. Inno ta sa aka wanke babbar rigar Baffa aka kai ta bugu. Mutanen Fakuwa suka rako shi har bakin mota.

Zan faɗa maka gaskiya game da ginin, don ba na son fushi ya sa in yi ƙarya. Abin kallo ne. Daga nesa kamar an kifa wani ƙaton akushi a kan tudu, gabansa duk gilashi tun daga ƙasa har sama. Babban ɗakin yana cin mutum dubu uku, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, rufin yana tsaye a kan ƙarafan da suka taso daga gefe suka haɗu can sama. Baffa ya daɗe da kai a ɗage, ya ce wanda ya yi wannan ya san ɗaurin guga irin na rufin soro, Allah ya yi masa albarka. Kujerun a jere suke hawa-hawa, kowa na ganin gaba, in ka tashi kujerar ta naɗe kanta. An lulluɓe bango da katako mai ƙananan huji, wani ma'aikaci ya ce mini don murya ta isa ko'ina ba tare da amsa-kuwwa ba. Bayan babban ɗakin akwai ƙanana goma sha biyu, da ɗakin baje koli, da ɗakin 'yan jarida, da madafa wadda aka ce tana ciyar da mutum dubu a zama ɗaya. A ƙofar gaba akwai marmaro da ke feshin ruwa sama tun safe har yamma. Na tsaya ina kallon sa ina tuna matata Kubura da tulu a layin rijiyar unguwarmu.

Amma Yaya, wanda ya zana gidan nan bai taɓa tunanin irin su Baffa za su shiga ba. Daga bakin titi zuwa ƙofa matakala arba'in da ɗaya ce, na ƙirga, don a kowace sai da tsohon nan ya dafa kafaɗata. Akwai hanyar da mota ke hawa har bakin ƙofa, akwai kuma lif, ɗan ɗakin nan mai hawa da mutane sama, amma duk na masu jan kati ne. A teburin shiga ake raba kati kala uku. Ja na manya, kore na ma'aikata, fari na manoma. Masu farin kati can bene na sama aka tura su, wata matakalar kuma, inda mai magana ke zama kamar ɗan tsako a ido. Nawa kore ne, amma na bi Baffa sama, don ba zan bar shi ba. Taron manoma ne fa, Yaya, haka aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙyallen da ke bakin ƙofa.

Babu taga ko ɗaya a ɗakin. Fitilu ne ke ci dare da rana, ba ka sanin inda rana take sai ka duba agogo. Na'urar sanyi kuwa bakinta a saitin benen take, tana huro wa tsofaffi iska kamar ta cikin randa, manya a ƙasa suna cikin kwat da manyan riguna. Da azahar ta yi muka fito neman wurin alwala, babu. Bayan gida an yi shi fes da tangaran da madubai, amma ko buta ɗaya ba a ajiye ba. Wani dattijo daga Daura ya tsuguna a bakin marmaron nan ya fara wanke hannu, sai ga mai gadi da sanda, wai ruwan ado ne. A ƙarshe wani direba ne ya taimake mu da galan ɗin da yake zuba wa motarsa ruwa. Muka yi sahu a wurin ajiye motoci, kwalta na ƙona goshi. A gidan da aka yi wa 'yan jarida ɗaki, aka yi wa tutoci ɗaki, an rasa taku goma da za a shimfiɗa tabarma. Abinci ma haka. Manya suka hau ɗakin cin abinci, mu aka miƙo mana burodi da kifin gwangwani a tsaye a baranda. Baffa ya karɓi nasa ya ci. Da na fara gunaguni ma cewa ya yi in yi shiru, baƙo ba ya zaɓen shimfiɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na'urar fassara. A jikin kowace kujera akwai abin sa wa a kunne da ɗan maɓalli. Can gefe an yi ɗakuna shida na gilashi inda tafintoci ke zama. In ka murɗa ɗaya ka ji Turanci, biyu Faransanci, uku Larabci. Na murɗa har ƙarshe ina neman Hausa, sai shuu kawai. Na sauka na tambayi mai kula da wurin, ya ce tsarin ƙasa da ƙasa ne, ba a tanadi yaren gida ba. Ɗakuna uku a rufe babu kowa ciki, ga manoma wajen ɗari huɗu a sama, kwana biyu ana magana a kan gonakinsu ba su san abin da ake cewa ba. Ni na zama tafintan layinmu, ina raɗa wa na dama ya miƙa wa na gaba.

Duk wannan da na haƙura, da ba don rana ta uku ba. Da safe muka shiga ɗakin baje koli, sai ga damin geronmu a cikin akwatin gilashi da fitila a kansa. Baffa ya gane shi tun daga ƙofa, yadda uba ke gane ɗansa a kasuwa. Ya yi murmushi ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa. Yaya, haruffa biyu ne da lamba, sai bayani cewa sabon iri ne da Alhaji Mamuda ya samar bayan binciken shekara biyar. Babu Kabo, babu Fakuwa, babu ko Kankiya. Na ce masa an rubuta gero ne mai saurin nuna. Allah ya gafarta mini wannan.

Da hantsi Alhaji Mamuda ya hau dandamali. Aka rage fitilu, aka kunna majigi, hotuna suka riƙa fitowa a wani farin bango mai girman zauren sarkin Kusada. Hotunana ne, waɗanda na ɗauka da kaina. Ga tsamiyar gonar Baffa, ga rumbunsa mai tsaga a gindi, ga hannunsa riƙe da zangarniya, amma an yanke hoton daga wuyan hannu. Tsohon nan ya riƙa taɓa ni da murna yana nuna wa maƙwabtansa, yana tambaya ta me ake faɗa a kansa. Alhaji kuwa awa ɗaya cur yana cewa shi ya zaɓo, shi ya tace, shi ya gwada. A nan na kasa ci gaba da ɓoyewa. Na sunkuya na faɗa wa Baffa duk abin da ake cewa, da abin da ke rubuce a gilashi. Ya sauke hannun da yake nuni da shi, ya ce wataƙila mantuwa ce, in an kira shi zai tuna musu. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi, sai ranar na ga ma'anarsa da idona.

An kira shi kuwa, amma ba da sunansa ba. Mai gabatarwa ya ce ga wani manomi da ya amfana da sabon irin, zai yi godiya cikin minti uku. Wani ma'aikaci ya sauko da shi, ni aka ce in zauna. A teburin magana akwai fitilu uku, kore da rawaya da ja, kuma can baya akwai ɗakin da wani ke zaune da maɓallai, in ja ta kama sai ya kashe makirufo. Ba wanda ya yi wa Baffa wannan bayani. Ya fara kamar yadda kowane dattijon kirki zai fara, ya yi salati, ya gaida shugabanni, ya gaida malamai, ya gaida 'yan'uwansa manoma gari-gari. Ya zo daidai inda yake cewa shi ne Kabo na Fakuwa, kuma geron nan tun zamanin mahaifinsa, sai muryar ta ɗauke. Bai sani ba. Ya ci gaba da magana, yana kwatanta ɗaurin tsumma da hannuwansa, baki na motsi babu sauti, a gaban mutum dubu uku. Wasu a layin gaba suka fara dariya. Mai gabatarwa ya soma tafi don a rufe, sauran suka bi, aka zo aka kama hannun rigarsa aka juya shi. Mutumin da ya rene mu, wanda in ya yi gyaran murya a Fakuwa kowa ke natsuwa.

Ban san lokacin da na sauko daga benen ba. A tsakiyar ɗakin akwai makirufo a tsaye na masu tambaya. Na kama shi na faɗi sunana da aikina, na ce geron nan sunansa ɗan Kabo, ga mai shi nan ana jan sa, ni na kawo rabin buhu ofis da hannuna a saba'in da biyar, kuma hotunan da aka nuna ni na ɗauke su. Da Turanci na fara. Suka kashe nawa ma. Sai na sake shi na juya wajen benen na maimaita da Hausa da iyakar muryata. Katakon nan mai huji ya yi aikinsa, ka gaya wa malaminku, don har layin ƙarshe an ji ni. Manoma suka miƙe tsaye. Ba su yi ihu ba, ba su zagi kowa ba, suka dai tashi, kujeru ɗari huɗu suka naɗe kusan lokaci ɗaya, suka fara sauka. Masu gadi biyu suka fitar da ni ta ƙofar baya, wajen da ake zubar da sharar madafa. Da na zagayo gaba na tarar da Baffa zaune a kan matakala, mutanen Daura da Malumfashi da Funtuwa sun kewaye shi, yana ƙarasa musu bayanin da aka katse. Wasu suka rubuta sunan garinmu, suka ce za su aiko kafin shuka. Biyu sun riga sun zo, ya kuma auna musu.

Sauran labarin gajere ne. Kwana huɗu da dawowarmu takarda ta zo, ana neman in yi bayanin dalilin da ya sa na ci mutuncin na gaba da ni a bainar jama'a. Na amsa, na haɗa da kwafin rahotona na saba'in da biyar. Shugabana na nan Kankiya, mutumin kirki ne, ya kira ni gefe ya ce in rubuta layi biyu na ban haƙuri, in ce zafin rai ne kuma ban fahimci yadda bincike yake ba, shi zai kashe maganar. Na ce zan ba da haƙuri a kan ɗaga murya, amma ba zan rubuta cewa geron ba na Baffa ba ne. Ya ce ba murya ce damuwarsu ba. Ranar Litinin da ta wuce aka kawo takarda ta biyu. An mai da ni kudancin jiha, wajen Kaciya, in kama aiki ɗaya ga watan gobe. Ni da na yi shekara tara a kan gero da dawa, na san gonar kowa daga nan har Boko, an tura ni ƙasar citta da doya ana saura kwanaki a yi shuka. Kubura ta yi kuka, amma ta ce da na sa hannu a takardar ban haƙurin can da ta fi jin kunya. Za ta zauna wajen Inno da yara har in ga yadda wurin yake.

Ba tafiyar ce ke ci mini rai ba, Yaya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya faru jiya ne. Baffa ya dawo daga Kaduna da tari a ƙirji saboda sanyin nan, ya yi kwana tara a kwance. Jiya da rana tsaka ina ɗaure kaya, sai na ji sallamarsa. Ya ji labarin canjin, ya taso daga Fakuwa bai gaya wa kowa ba, rabin hanya a ƙasa. Na shimfiɗa masa buzu ya ƙi hawa, ya zauna a dandaryar zaure. Ya ce ya zo ne ya roƙe ni gafara. Ya ce shi ya ja mini, da ya gajarta gaisuwa kamar yadda 'yan boko ke yi da bai ba ni kunya ba, da ban rasa wurina ba. Ya ce shi tsoho ne bai san dokar irin waɗannan gidaje ba, in yafe masa. Na riƙe hannunsa. Ni na ɗauki geronsa na kai inda aka sace shi, ni na sa shi hawa matakalar nan, amma shi ne ke zaune a ƙasa yana neman gafarata. Sun ɗauke masa suna, sun yi masa dariya, sa'an nan sun bar shi yana zaton laifinsa ne. Wannan ne ba zan yafe musu ba, ko da sun maido ni Kankiya gobe.

Na yi ta faɗa masa bai yi kuskure ba, amma gani yake lallashi ne irin na ɗa. Kai kuwa yana jin maganarka, yana cewa kai ka ga duniya. Don haka ga roƙona. Ka rubuto masa takarda tasa shi kaɗai, kada ka sa ta cikin tawa ko ta Inno. Ka rubuta Malam Kabo, Fakuwa, ta hannun ofishin hakimin Kankiya, a bayan ambulan. Liman zai karanta masa a ƙofar masallaci, ka san ba za a rasa jama'a ba. Ka gaya masa kai da ke karatun irin waɗannan gine-gine ka duba maganar, kuma gaisuwarsa daidai take. Kada ka jinkirta, don tarin bai sake shi ba, ni kuma ba na nan.

Inno tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Adda Maimuna da maigidanta Gidaɗo suna gaisuwa, haka Rahamatu da yara, da Kubura, da Goggo wadda kullum ke tambayar yaushe za ka dawo. Baffa ma ya ce in gaishe ka, bai san abin da na rubuta ba. In na isa Kaciya zan aiko maka da adireshi. Allah ya sada mu da alheri, ya ba mu damina mai albarka.

Ni ne ƙanenka,
Idi.